Wata Baiwar Allah da Na Sani

Ban san ranar da aka fara sayar da shawara ba. Mu dai da muka taso kyauta ake ba da ita, har wanda bai tambaya ba ana cusa masa. Sai ga shi wata safiya na fito zan tafi makarantar da nake koyarwa, na ga an manna takarda a ƙofar da ke kallon tamu: KOCIN RAYUWA. SHIGO DA MATSALA, FITA DA MAFITA.

Mijin Anti Tela ne ya manna. Kwas ya yi na mako uku a waya, aka turo masa satifiket, ya kai aka buga, ya sa a firem. Daga ranar ya hana a kira shi da sunansa, sai Koci. Mai shagon bakin layi ya tambaye shi ƙungiyar ƙwallon wace unguwa aka ba shi, ya yi kwana biyu bai sayi ko ashana a wurinsa ba.

Ita kuwa matarsa, shekara goma sha ɗaya tana ɗinkin mata a ƙaramin ɗakin da ke jikin falonsu. Hannunta da kyau, amma ba hannun kaɗai ke kai mu ba. Akwai abin da awo ke yi wa mace: da kin ɗaga hannuwa an rufe ƙofa, sai bakinki ya kwance, ki faɗi abin da ko ƙawarki ba ki faɗa wa ba. Anti ta rubuta awon a littafi, maganar kuma ta haɗiye ta. Ba a taɓa tsintar zancen kowa a bakinta ba. Wannan zurfin cikin shi ne jarinta, kuma duk matan unguwa mun san ya fi keken daraja.

Koci ya tare ni a kan matakala ya yi mini bayanin tsarinsa, ni kuma ina sauri, ƙararrawa ta kusa bugawa.

"Malama, ni ko sisi ba zan kashe a talla ba. An koya mana, labari shi ne ƙugiya. Ka ba mutane labari kyauta, su da ƙafarsu za su zo neman magani."

"Allah ya ba da sa'a," na ce, na zame.

Kullum da safe sai ya sa kwat a sama, wandon barci a ƙasa, ya jingina waya da gwangwanin madara, ya yi minti uku yana magana a kan tsara lokaci da gano kai. Makon farko mutum bakwai suka kalla. Anti ta ce huɗu daga ciki shi ne, ɗaya kuma ita ce, shi ma tsayawa ya yi a kanta har ta gama.

A mako na biyu ne ya samo ƙugiyar. Ya gyara wuyan kwat, ya sassauta murya, ya ce: "Akwai wata baiwar Allah da na sani, tana hira a waya har tukunya ta ƙone, ta ƙanƙare ƙanzon, ta ce wa mijinta ai sabon salon girki ne."

To, labulen da ke bayansa kowa ya san labulen Anti ne, ga kuma ƙarar keke ana ji tiryan-tiryan. Kafin azahar bidiyon ya zagaye guruf ɗin matan unguwa. Duk wadda ta shigo kawo ɗinki sai ta shinshina iska ta ce, "Baiwar Allah, yau wane salo aka ɗora?" Anti ta yi dariya tare da mu. Da ta yi masa magana, ya ɗaga hannuwa.

"Na kama suna? Baiwar Allah na ce. Ke kaɗai Allah ya yi a duniya?"

Haka ya yi ta yanka ta yana sayarwa. Munsharinta, faɗanta da ƙanwarta, ranar da ta juya hannun riga ta ɗinke shi a baibai. Masu kallo suka haura ɗari uku, har wani saurayi ya zo zaman farko, wanda yake kyauta, ya sha lemo ya tafi bai dawo ba. Sai dai mace ɗaya, komai yawan laifinta, ba ta isa bidiyon kullum ba. Cikin wata guda Anti ta ƙare masa.

Daga nan Koci ya tashi da ofishinsa daga falo ya koma sito. Tsakanin siton da ɗakin ɗinki falanki ne kawai, shi kuwa ya manna teburinsa da falankin. Ya ce nan ne natwok ya fi ƙarfi a gidan.

Sai labarai suka canza ɗanɗano. Wata baiwar Allah da ke sayo abinci a gidan abinci ta juye a tukunyarta, miji yana yabon hannunta shekara biyu. Wata da ke ɓoye rimot in an fara ƙwallo. Wata da ta rage shekara shida ranar da aka zo neman aurenta, yanzu ƙaninta ya girme ta. Ba zan ɓoye ba, na sha dariya har da hawaye. A ɗakin malamai mukan haɗa kai a kan waya ɗaya muna canke, wannan wance ce, wannan kuma matar wane. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ni kuwa fifita na ɗauka.

Ranar wata Alhamis, muna karin kumallo, na ji muryar Koci daga wayar mijina. "Wata baiwar Allah, malamar makaranta, duk Alhamis sai ta ce wa maigida akwai lesin bayan an tashi. Ashe gidan yayarta take tafiya ta yi barcin awa biyu, ba yaro, ba miji."

Mijina ya ajiye kofi, ya leƙo ni ta saman wayar.

"Yau Alhamis ko? Akwai lesin?"

"An soke," na ce.

"Allah sarki. Ki gaida Yaya in kin je sokewar."

Shi dariya ya yi, ni kuwa ban ga abin dariya ba, don mutum ɗaya na faɗa wa wannan magana a duniya. Kwana biyar ina wuce ƙofar Anti ban yi sallama ba. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Mai juye abinci ta aiko a karɓo mata yadinta ba a ko yanka ba. Mai rimot ta koma wurin wani tela a kasuwa, wanda ke ɗinka mata riga kamar buhu, ta ce gara buhu da tonon silili. Ƙarar keken da muka saba ji tun safe ta koma jefi-jefi.

Rana ta shida Anti ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, zare manne a ɗankwalinta, idonta ja.

"Malama, ke ma kin yarda ni ce?"

Na matsa gefe, ta shigo ta ci gaba.

"Wallahi ko a mafarki ban taɓa faɗa masa maganar kowa ba. Ni da ko kuɗin leshin mutum ba na faɗa wa wata."

Na dube ta, kunya ta kama ni. Muka zauna muna juya abin, har na tuna da zancen natwok. Na ce ta koma ɗaki, zan shigo nan da minti goma, ta bi ni a duk abin da na ce.

Na shiga, na toshe hanci na canza murya, na fuskanci falankin. "Anti, na shiga uku. Mijina ya fi son akuyarsa a kaina. Sunana ya sa mata. In ya kira, mu biyu muke amsawa, ita yake ba wa ɓawon kankana, ni ya ce ba da ni yake ba."

"Subhanallahi," in ji Anti, ta cusa ƙyalle a baki don kada dariya ta fito. Ta bayan falanki muka ji an ja kujera a hankali, sannan ƙaras-ƙaras na biro.

Washegari ƙarfe tara sai ga maganar akuyar a waya. Har ya ƙara mata gishiri: wai baiwar Allah ta same shi a ofis tana kuka, ya yi zama biyu da mijin, yanzu an sayar da akuyar, gida ya zauna lafiya. A ƙarshe ya sa lambar wayarsa.

Anti ta ja hannuna har siton. Muka same shi yana goge gilashin satifiket.

"Baban yara, ina akuyar take?"

"Wace akuya?"

"Wadda ka sa aka sayar. Ga mai ita nan, ta zo godiya."

Ya dube ni, ya dubi falankin, ya gyara tsayuwa. Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Ina!

"To, sai me? Na kama suna? Ni fa ba laɓe nake ba, ina zaune a ofishina magana ke zuwa ta same ni. In toshe kunnena? Kuma ilimantarwa nake yi. Matsalar mace ɗaya darasi ce ga mata dubu."

"Amana suka ba ni."

"Ke suka ba, ba ni ba. Ke kuma ba ki faɗa ba. Kin ga kenan ba wanda ya ci amana."

"Kwastomomina sun watse."

"Nawa suna taruwa. Gida ɗaya ne, aljihu ɗaya. In wannan abu ya kankama, ke da ɗinki sai dai don sha'awa."

"To tunda darasi ne," in ji Anti, "gobe ka ba su labarin bawan Allahn da ya ga kyankyaso a banɗaki ya haye bokiti yana ƙwala wa matarsa kira."

Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce wannan sirrin gida ne, kuma koci sai da kwarjini. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar Lahadi Anti ta kai ƙara wurin uwarsa, ta roƙe ni na raka ta. Mama ta saurara tana jan carbi, ta gama ta numfasa.

"'Yar nan, mace ba ta tona asirin mijinta."

"Mama, ai shi ke tona na mutane."

"To ya kama suna? Da yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, ba ke kike kawo mini ƙorafi ba? Yanzu Allah ya buɗa masa hanya, sai ki sa masa hannu. Ni kaina ina kallo, har ƙawayena nake tura wa. Wannan ta akuyar ma ta ba ni tausayi, Allah ya saka masa da ya raba su."

Na buɗe baki, Anti ta taka mini ƙafa. Abin da dai aka samu shi ne Mama ta kira shi ta ce ya janye teburin don a zauna lafiya. Ya janye, har da ɗaga hannu ya ce ya daina. Anti ta bi gida-gida tana ba da haƙuri, ba ta ce mijinta ba ne, cewa take an toshe inda ke yoyo. Mata biyu-uku suka fara dawowa.

Abin da ba mu sani ba, biron nan ya riga ya cika littafi guda. Koci ya koma tsara lokaci da gano kai, masu kallo suka gangaro daga dubu zuwa sittin. Ya daure kwana goma. A na goma sha ɗaya ya buɗe littafin ya zaɓo mafi nauyi.

"Wata baiwar Allah da na sani, mijinta direban babbar mota ne. Shekara tara da aure ba haihuwa. Likita ya gwada su, ya ce matsalar ba daga gare ta take ba. Ta karɓi takardar ta ɓoye shekara uku, ta bar dangin miji suna goranta mata, don kada ya ji kunya. To tambayata, wannan soyayya ce ko ƙarya?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya a ɗakin malamai. Direban babbar mota ɗaya ne a unguwarmu, mutum mai fara'a, wanda in ya dawo daga tafiya yakan raba wa yaran layi alewa. A garejinsu ya ji, a wayar abokin aiki, cikin mutane.

Bayan kwana biyu ina ɗakin ɗinki Matar Direba ta shigo. Ba ta zauna ba.

"Anti, yadina na zo karɓa."

Anti ta miƙe, almakashi ya faɗi daga cinyarta. "Ƙanwata, ki tsaya ki ji. Wallahi ba daga bakina ta fita ba."

"Uwar da ta haife ni ban faɗa mata ba. A ɗakin nan na faɗa, a kan kujerar nan."

"Ya yi miki faɗa?"

"Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Haƙuri yake ba ni. Kwana biyu bai fita ba, bai ci abinci ba, in na shigo ɗaki sai ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa shekaruna. Shekara uku ina tare masa wannan ranar, Anti."

Anti ta ɗauko yadin daga kan kanta. Ta riga ta zana shi da alli, sai ta tsaya tana goge allin da tafin hannu, tana gogewa, har matar ta zare shi daga hannunta ta fita.

Ƙofa ba ta gama rufuwa ba Koci ya leƙo, waya a hannu, baki har kunne.

"Dubu goma sha biyu suka kalla! Mutum uku sun kira tun safe, ɗaya ma daga wani gari. Wannan ba Matar Direba ba ce ta fita? Ki ce mata ta turo shi. Zaman farko kyauta ne."

Na sha jin haushi a rayuwata, amma ban taɓa jin hannuna yana ƙaiƙayin dutsen guga kamar ranar ba. Anti ta durƙusa ta fara kwance kan keken.

Mai shagon bakin layi yana da wani lungu a bayan shagonsa inda yake tara kwalaye, sai ya bar wa Anti shi. Shi ya kama mana ƙafar keken, ni na ɗauki dutsen guga da jakar zare, Anti ta rungumi kan keken kamar jariri. Da muka isa, kafin ta ajiye komai, sai da ta bi bangon huɗu tana ƙwanƙwasawa da gindin almakashi. Siminti ne duka.

Kuna tsammanin Koci ya ji kunya? Da safe ya sa kwat ya ce: "Wata baiwar Allah da na sani ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙunshe a ɗaki. Na yi aiki a kanta wata uku, jiya ta buɗe shagonta. Ke ma za ki iya."

Yanzu yana da ɗalibai tara, ranar Asabar falon ba masaka tsinke. Yana alfahari har gobe cewa bai kashe ko sisi a talla ba, kuma gaskiya ya faɗa, don ba shi ya biya ba. Akwai mazan da duk abin da ke cikin gida suna ganin nasu ne: gishiri, caja, lokacin matar, har mutuncin da ta yi shekaru tana tarawa. Su ɗiba ba tambaya, in an yi magana su ce don gida suke yi. Mu kuma da muka haɗa kai a kan waya muna canke, ba mu da bakin zaginsa sosai. Da ba mu kalla ba, da har yau shi da gwangwanin madararsa ne.

Ɗinki kam ya dawo wa Anti, don hannu ba ya ɓuya. Sai dai matan ba su dawo ba. Kowace sai ta aiko da yadi a leda tare da tsohuwar rigarta, a ce a ɗinka daidai wannan. Igiyar da ta ɗaura a lungun ta cika da rigunan mutane, kujerar baƙi kuma ta zama wurin ajiye ƙyallaye.

Makon jiya na kai mata yadi. Raina a jagule yake ranar, akwai wata magana tsakanina da mijina da ta kwana uku tana cin cikina. Anti ta ganni ta washe baki, ta kwashe ƙyallayen daga kan kujera, ta kaɗe ta da hannu, ta tura ƙofa.

Ni na toshe hanci na yi muryar mai akuya. Ni na raka ta wurin Mama, ni na ɗauki dutsen gugar. Ba wanda ya fi ni sanin ba ta da laifi. Amma hannuna ya shiga jaka da kansa, ya fito da tsohuwar rigata.

"Ina sauri ne, Anti. Ki yi daidai wannan."

Ta dubi rigar, ta dube ni. Ta karɓa, ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta daidaita kafaɗun, ta miƙar da hannuwan. Ina bakin ƙofa ina laluben takalmi na ji tana yi wa rigar magana ƙasa-ƙasa.

"To, Malama, ɗaga hannu. Me ke damunki yau?"